Kyauta, Al'ada da Kamun Ƙafa a Ƙananan Hukumomi: Nazari daga Jega, Aliero da Maiyama

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin tanadin Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 game da kyautar da jami'in ƙaramar hukuma zai iya karɓa, ta auna shi da yanayin Jega, Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi. An bi hanyar nazarin nassin doka da na tarihi. Maƙalar ta nuna cewa doka ta haramta kyautar ɗan kwangila, ta halatta ta dangi da abokai bisa al'ada, ba tare da faɗin yadda za a rarrabe su ba. Ta kuma nuna cewa rajistar masu kamun ƙafa irin ta biranen Amurka ba za ta zauna a nan ba, sai dai a ɗora nauyin rubutawa a kan jami'in.

Gabatarwa

Ƙananan hukumomin uku suna cikin Masarautar Gwandu, suna kuma cikin 21 na Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. Jega tsohuwar cibiyar kasuwanci ce da hanyoyin Sakkwato, Birnin Kebbi da Yawuri suka haɗu a cikinta. Aliero ta shahara da albasa, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha. Maiyama ƙasar noma ce a kan hanyar Yawuri. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya damƙa wa ƙananan hukumomi kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da sa ido kan shaguna. Ke nan wanda ke neman rumfa ko izinin lodi yana da dalilin neman fuskar ciyaman ko kansila. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ya ƙara wa batun nauyi, domin duk inda kuɗi ya sauka can masu gaisuwa ke nufa.

Tarihin matsalar

Tun kafin zuwan Turawa ake jayayya kan kyautar da ake ba masu mulki a ƙasar. Hadisin Ibn al-Lutbiyya, mai karɓar zakka da ya ware wani kaso da sunan kyautarsa har Manzon Allah (SAW) ya tsawatar masa, sananne ne ga malaman yankin. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa gaisuwa cikin miyagun hanyoyin mulkin sarakunan Hausa a Kitab al-Farq, ƙanensa Abdullahi na Gwandu kuma ya rubuta Diya' al-Hukkam don shiryar da masu mulki. Duk da haka, M. G. Smith ya nuna a maƙalarsa ta 1964 cewa al'adar ta wanzu bayan jihadi, ta tsallaka har zamanin En'e.

Abin da doka ta ce

Kashi na biyu na Jadawali na Biyar ya sa shugabanni, kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi cikin jami'an da Ƙa'idar Ɗa'ar Ma'aikata ta hau kansu. Sakin layi na 6(1) ya hana jami'i nema ko karɓar wani amfani saboda abin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aiki. Na 6(2) ya fi kaifi: duk kyautar da ta fito daga kamfani ko mai kwangila da gwamnati ana ɗaukarta saɓa doka ce, sai jami'in ya tabbatar da akasin haka. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata tana iya tsige shi, ta hana shi muƙami har shekara 10, ta kuma ƙwace dukiyar.

Sai 6(3) ya buɗe ƙofa. Ya yarda a karɓi kyautar dangi da abokai gwargwadon abin da al'ada ta sani, a lokutan da ta sani. Bai yanka adadi ba, bai ce al'adar wa ba. A birnin New York an tsayar da iyaka a dala 50 ga kyautar mai hulɗar kasuwanci da birnin, don haka lissafi ake yi, ba fassara ba. A nan kuwa, ɗauki misalin dillalin albasa wanda ya samu aikin gyaran magudanar kasuwa, alhali ƙanwarsa tana auren kansilan mazaɓar. Da kaka ya aika da buhu biyu gidan surukinsa kamar yadda ya saba tun kafin siyasa, da Babbar Sallah ya ɗaure masa rago a ƙofar gida. A ƙarƙashin 6(2) ɗan kwangila ne, a ƙarƙashin 6(3) ɗan uwa ne. A gari irin Aliero ko Maiyama, inda auratayya ta sarƙe kusan kowane gida, irin wannan haɗuwa ita ce aka fi gani. A ra'ayin mai wannan nazari 6(2) ya kamata ya rinjaya muddin kwangilar na gudana, domin an kafa shi ne kan muƙamin mai karɓa, zumunta kuwa ba ta sauya muƙami.

Akwai wani sharaɗi a ƙarshen 6(3) da ba a cika kula da shi ba: kyautar da aka ba jami'i a taron jama'a ko bikin hukuma ta hukumar da yake wakilta ce. Wato bijimin da wata unguwa ta miƙa wa ciyaman ranar buɗe rijiyar burtsatse dukiyar ƙaramar hukuma ne. Kundin bai faɗi littafin da za a shigar da shi ba, balle wanda zai riƙe igiyarsa.

Kamun ƙafa da batun rajista

Nijeriya ba ta da dokar rajistar masu kamun ƙafa. Ƙudirin da Sanata Dino Melaye ya gabatar a 2016 bai zama doka ba. A Amurka dokar tarayya ta 1995 da dokokin birane kamar Chicago sun wajabta wa wanda ake biya don ya shawo kan jami'ai ya yi rajista, ya bayyana wanda ya ɗauko shi. Tsarin ya dogara ne da samuwar sana'a mai lada a fili. A Jega mai kai kukan 'yan kasuwa sarkin kasuwa ne, ko shugaban ƙungiyar direbobi, ko dattijon jam'iyya, ko mai unguwa. Babu wanda ke kallon kansa ɗan haya, kuma yawancin ganawar a zaure ake yinta bayan Isha'i. Neman irin waɗannan su cika fom tozarci ne gare su, zai kuma toshe hanyar da talaka ya fi samun a ji kokensa.

Abin da zai yiwu shi ne littattafai biyu a sakatariya, ƙarƙashin dokar da majalisar kansiloli ko Majalisar Dokokin Jiha za ta yi. Na farko na kyauta: wanda ya bayar, abin da ya bayar, ƙimarsa a kasuwa, da ko yana da kwangila ko takardar neman rumfa a gaban hukumar. Na biyu na ganawa kan kwangila, fili da haraji, ko a ina aka yi ta. Jami'in ne zai rubuta, domin shi ya yi rantsuwar kama aiki, kuma sakin layi na 11 ya riga ya ɗora masa bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, inda dukiyar da albashi, halattacciyar kyauta ko rance ba su bayyana ta ba ke zama abin tuhuma. Littafin kariya ne ga mai gaskiya a gaban wannan hukuma. Rauninsa shi ne ma'aikacin da zai riƙe shi yana ƙarƙashin wanda ake rubutawa, don haka dole kwafi ya riƙa zuwa ofishin Babban Mai Binciken Kuɗin Ƙananan Hukumomi a Birnin Kebbi duk wata uku, a kuma liƙa wani a allon sanarwa na sakatariya.