Su Wane Ne Ke Kwance a Durɓi ta Kusheyi?

Wanda ya taɓa zama a Libiya ko Jodan ba ya rasa labarin kangayen Romawa. Tun da safe ake cika mota da 'yan yawon buɗe ido, a kai su Leptis Magna a bakin teku, ko Jarash a arewacin Amman. Ɗan jagora yana gaba yana nuna ginshiƙan dutse, yana faɗin sunan sarkin da aka yi ginin a zamaninsa, domin an sassaƙa shi a jikin bango. Mu kuwa magabatanmu da ƙasa suka yi gini, kuma kowace damina sai ta ɗebi rabonta. Shi ya sa da yawa daga cikinmu ke zaton babu wani abin tarihi a nan da ya isa a tayar da mota dominsa.

Akwai, kuma yini guda ya wadatar. Wanda ya bar Dutsin-Ma bayan sallar asuba, ya bi ta Kurfi da Batagarawa ya shiga Katsina, sannan ya miƙa gabas kamar kilomita 32 zuwa ƙasar Mani, zai isa Durɓi ta Kusheyi da sauran hantsi. Ladabin wurin shi ne a fara gaida mai gari, shi zai haɗa baƙo da dattijon da zai yi masa jagora. A wannan zamani kuma ba a kama hanya sai an tambayi lafiyarta, kuma a yi ƙoƙarin komawa gida kafin magariba.

Abin da ido zai tarar ba ginshiƙai ba ne. Tuddai ne na ƙasa, aƙalla guda takwas, wasu manya wasu ƙanana, a tsakiyar gonaki da kukoki. Wanda ba a faɗa wa ba zai iya wucewa bai ɗaga kai ba. Sai an tsaya an lura za a ga cewa tudun ya yi da'ira, ya tashi shi kaɗai a fili, ba dutse a gindinsa, ba kwari a gefensa. Hannun mutum ne ya tara wannan ƙasa, kwando bayan kwando, a kan gawar wani da ake jin nauyinsa. Tambayar da ta daɗe tana yawo tsakanin masana ita ce: gawar wa?

Abin da baka ta riƙe

Dattawa suna da amsarsu. A ruwayar da aka gada, nan ne mazaunin Durɓawa, gidan da ya fara sarauta a ƙasar Katsina. Ana fara lissafi da Kumayau, wanda labarin Daura ya ce ɗan Bawo ne, jikan Bayajida. Bayansa ana ambaton Ramba-Ramba da Bataretare da Jarnanata, har a zo kan Sanau, na ƙarshensu. Tuddan nan, in ji ruwayar, kusheyin waɗannan sarakuna ne.

Ƙarshen Sanau kowane Bakatsine ya san shi. Korau baƙo ne daga 'Yandoto, wadda kufanta ke kusa da Tsafe a Zamfara ta yau. Sanau ɗan kokawa ne da ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, saboda wata laya da yake ɗaurawa. Korau ya haɗa baki da matar sarki ta ɗauke layar, aka shiga fage a gindin tsamiya, Korau ya kayar da shi ya yanka shi. Takobin da ake kira Gajere, wanda har yau yana cikin kayan sarautar Katsina, da wannan rana ake danganta shi. Daga nan mulki ya koma inda birni yake yanzu, shi ya sa fadar Katsina take amsa sunan Gidan Korau. A wannan labari, yini ɗaya ya ishi gidan Durɓawa ya faɗi.

Tonon 1907

Wanda ya fara sa a haƙa tuddan shi ne Herbert Richmond Palmer, jami'in mulkin mallaka da ke Katsina, a shekarar 1907. Ya yi aikin ne da haɗin kan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda bai daɗe da hawa gadon mulki ba. Kafin a naɗa shi sarki a ƙarshen 1906, Dikko shi ne Durɓin Katsina, ke nan ƙasar da aka tona ba baƙuwarsa ba ce. An fasa tudun da ya fi girma da wasu guda biyu, an fito da tukwane da kayan ƙarfe. Sai dai tonon wancan lokaci na neman kaya ne kawai. Ba a auna zurfin da aka sami kowane abu ba, ba a adana ƙasar da ke manne da shi ba, kayan kansu daga baya suka ɓace.

Abin da Palmer ya bari shi ne fassara, wadda ta bazu ta hanyar littafinsa Sudanese Memoirs na 1928. Shi da Turawan zamaninsa sun tafi a kan cewa duk inda aka ga sarauta mai tsari a ƙasar baƙar fata, to wasu baƙi ne daga arewa ko gabas suka kawo ta. Da wannan ido aka ce Finikiyawa ne suka gina ganuwar dutse ta Zimbabuwe. Da shi ne kuma Bajamushe Leo Frobenius, da ya ga kawunan Ile-Ife a 1910, ya jingina su ga wata ɓatacciyar al'umma ta ƙetaren teku. Tarihin Katsina ma sai aka mayar da shi jerin mamaya: wata ƙabila ta zo ta ture wata, ita ma wata ta zo ta ture ta.

Wanda ya fi kowa warware wannan zare jikan Dikko ne, Dakta Yusufu Bala Usman, wanda mahaifinsa ma ya riƙe sarautar Durɓi. A littafinsa The Transformation of Katsina na 1981 ya nuna cewa kafin Korau ƙasar nan garuruwa ce masu cin gashin kansu, kowanne da shugabansa da wurin tsafinsa, Durɓi ta Kusheyi ɗaya ce daga cikinsu. A ganinsa, zamanin Korau zamani ne na haɗa waɗannan garuruwa a ƙarƙashin birni ɗaya da sarki ɗaya, kuma noma da ƙira da fatauci na cikin gida ne suka haifar da hakan. Hujjarsa ta fito ne daga ruwayoyi da rubuce-rubuce. Saura shaidar da ke binne.

Kaburbura uku a cikin akwati

A 1992 wata tawagar Jamusawa ƙarƙashin Farfesa Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth ta haƙa wasu tuddai uku, waɗanda aka yi wa lamba 4 da 5 da 7. Wannan karon an yi dabara. Maimakon a tsinto kaya ɗaya bayan ɗaya, sai aka yanko kaburburan da ƙasarsu dunƙule guda, aka kai gidan tarihi na Jos. Nan suka zauna shekara 15. A 2007 hukumar kula da gidajen tarihi ta Najeriya ta haɗa gwiwa da wani babban gidan tarihi na birnin Mainz a Jamus, wanda ya yi suna wajen gyaran kayan Romawa, aka ɗauke su zuwa can. Ƙwararru suka riƙa share ƙasar da ɗan buroshi da tsinke, kaɗan-kaɗan, suna rubuta inda kowane ƙwayar dutsen ado ya kwanta. An baje kayan a Mainz a 2011, Farfesa Detlef Gronenborn da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon, daga bisani aka dawo da su Najeriya.

Kowane tudu mutum ɗaya ne a tsakiyarsa. An binne shi da adonsa: mundaye na tagulla da na hauren giwa, duwatsun ado na gilashi da na dutse, farin wuri, har da 'yan kunne na zinariya. Saboda an bar ƙasar yadda take, an sami burbushin yadi da itace da fata, abubuwan da tonon gatari da shebur ke hallakawa ba tare da an sani ba. Da yawa daga cikin kayan aikin gida ne. Wasu kuwa sun sha tafiya. Farin wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi daga tekun Indiya yake fitowa. Tagulla ma tana da hanyarta: Ibn Battuta, da ya sauka Takedda a ƙasar Asbin a 1353, ya ce daga can ake ɗaukar jan ƙarfe zuwa Gobir da Barno.

Salon binnewar shi ma ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma. Tun a 1068 al-Bakri ya bayyana yadda ake binne sarakunan tsohuwar daular Gana: a yi rumfar itace, a sa sarki da adonsa da kwanukan abincinsa, jama'a su yi ta zuba ƙasa har ta zama tudu. Bambancin shi ne a can ana haɗawa da masu yi wa sarki hidima, a tuddan ukun nan kuwa ba a sami kowa a gefen mamacin ba.

Tasar da ta canza lissafi

Gwajin sinadarin kabon, wanda ke auna daɗewar abin da ya taɓa rai kamar itace ko fata, ya kai tsofaffin kaburburan zuwa wajen ƙarni na 14. Wannan ya kashe duk wani zato na cewa aikin Romawa ne ko makamantansu, domin daular Rum ta yamma ta faɗi tun 476, kusan shekara 900 kafin nan. Ya kuma yi daidai da ruwaya: kafin Korau akwai masu mulki da dukiya a wannan wuri.

Tudu na 7 ne ya zo da abin da ba a zata ba. A cikinsa an sami tasa ta ƙarfe, aikin maƙeran Gabas ta Tsakiya na zamanin Mamluk, masu mulkin Masar da Sham har zuwa 1517. Irin ƙirarta ya nuna ƙarshen ƙarni na 15 ko farkon na 16. Yanzu a yi lissafi. Mafi yawan masana na sanya mulkin Muhammadu Korau daga tsakiyar ƙarni na 15 zuwa ƙarshensa. Tasa ba za ta shiga kabari ba sai an ƙera ta, ta hau raƙumi ta ƙetare Sahara, ta yi zama a hannun mai ita. Ke nan wanda ke kwance a tudu na 7 ba ya cikin sarakunan da suka gabaci Korau. Ya rasu ne a zamanin Korau ko na magadansa, Ibrahim Sura da Ali Murabus.

Wannan shi ne lokacin da Shehu al-Maghili ya ratso ƙasar Hausa, lokacin da Imam al-Suyuɗi ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha daga Alƙahira. A birni Musulunci yana kafuwa a fada. Tafiyar yini guda a ƙafa daga nan kuwa, ana binne wani babba da zinariyarsa da tasarsa bisa al'adar kakanni, kuma akwai jama'ar da za ta taru ta tara masa tudu. Ayarin da ke kawo littattafai da wasiƙun malamai shi ne ke kawo kayan da ake binnewa da su.

Abin da hankali ya fi karɓa shi ne gidan Durɓawa bai rushe ranar kokawa ba. Labarin Sanau da Korau ya dunƙule sauyin da ya ɗauki tsawon rayuwar mutane da yawa ya mayar da shi yini guda, kamar yadda tatsuniya ke yi. Mulki ya koma birni, amma tsohon gida ya ci gaba da riƙe dukiya da martaba, har sabon tsari ya ga gara ya jawo shi jiki. Shaidar haka tana nan a raye. Durɓi na cikin masu zaɓen Sarkin Katsina, tare da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka, wanda mazauninsa Dutsin-Ma ne. A Maraɗi ma, inda zuriyar sarakunan Haɓe suka kafa mulki bayan jihadi, waɗannan huɗun ne rukunin fada. Masu riƙe sarautar sun sauya, musamman bayan jihadi, amma kujerar ba ta taɓa fita daga majalisa ba. Sunayen mamatan dai ƙasa ba ta bayar ba, domin ba a kafa musu allo ba. Ta bayar da zamaninsu da matsayinsu da nisan da cinikinsu ya kai.

Saura namu

Mai dawowa daga Mani yana iya tsayawa a Katsina ya ga hasumiyar Gobarau da gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina. A nan ya kamata a ce tasar nan da mundayen suna ajiye, inda ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Isa Kaita za su gan su da idonsu. Kuma ba Mani kaɗai ke da abin tonawa ba. Tsofaffin garuruwa irin su Karofi da Birchi, da kufan da ke gindin duwatsun wannan yanki, suna jiran irin wannan aiki na haƙuri.

Barazanar ita ce masu tonon dare. Mutum-mutumin yumɓu da ake kira na Katsina sun cika kasuwannin Turai, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. Kusan dukkansu ba a san ramin da suka fito ba, don haka ba su da abin da za su faɗa mana game da waɗanda suka yi su. Tuddai uku da aka fasa a 1907 sun tafi da sirrinsu, uku da aka ɗauke da ƙasarsu a 1992 sun gyara tarihin masarauta. Manomin da garmarsa ta ci karo da tsohuwar tukunya ko munduwa a gonarsa, babban taimakon da zai yi wa tarihi shi ne ya mayar da ƙasa ya rufe, ya sanar da mai gari, shi kuma ya kai magana ga ma'aikatan gidan tarihi a Katsina.