Satiru, Garin Da Aka Hana Sake Ginawa

Kimanin mil 14 kudu da Sakkwato nan Satiru take a da. Gari ne na malamai da talakawa, kuma bayin da suka gudo daga gandayen masu sarauta a nan suke samun mafaka. A 1904, shekara guda bayan Turawa sun ci Sakkwato, shugaban garin, Malam Maikaho, ya yi da'awar Mahadi. Aka kama shi, ya rasu a tsare, ɗansa Malam Isa ya gaje shi. Farkon 1906 sai ga wani malami makaho, Shu'aibu Ɗan Makaho, ya gudo daga ƙasar Dosso inda aka yi tawaye ga Faransawa, wa'azinsa ya ƙara rura wutar.

Ranar 14 ga Fabrairu 1906, muƙaddashin Razdan, Hillary, ya taho da sojan doki don ya kama shugabannin. Mutanen gari suka fito da gatari da fartanya da kwari da baka, suka auka musu tun sojan ba su gama jeruwa ba. Turawa 3 suka faɗi, har da Hillary, tare da soja 25, kuma babbar bindigarsu mai ruwan harsashi ta faɗa hannun manoma. Shekara 3 kacal ke nan da irin wannan bindiga ta tarwatsa dawakin Sakkwato a yaƙin Giginya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba Nasara kaɗai suka zo ramuwa ba. Ranar 10 ga Maris rundunar da Gwamna Lugga ya aiko ta iso, mahayan sarakuna na mara mata baya. An kashe mutum wajen 2,000, aka kwashe mata da yara aka watsa su garuruwa, aka ƙone garin ƙurmus. Ɗan Makaho kuwa, a Sakkwato aka yanke masa hukuncin kisa. Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya tsine wa duk wanda zai sake gini ko noma a wurin.

Haka Rumawa suka yi wa Yahudawa. Da suka murƙushe tawayen Bar Kokhba a shekarar 135, Sarki Hadriyan ya haramta musu shiga Ƙudus, birnin da ya riga ya sauya wa suna. Ƙudus dai ta sake cika da jama'a. Satiru kufai ta zama, kuma Marafa Maiturare, wanda ya tsaya wa Turawa a rikicin, shi ya hau gadon Sarkin Musulmi a 1915.