Taron Afrilu a Mambayya da Babi na Biyu

Duk watan Afrilu akan hallara a Gidan Mambayya da ke Gwammaja domin tunawa da Malam Aminu Kano, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Gidansa ne, a nan kabarinsa yake, yanzu kuma cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Mu da aka haifa bayan rasuwarsa, a irin waɗannan taruka na jami'a muka fara jin cewa ƙasar nan tana da wani alkawari da aka ɗauka tun kafin a sauke tutar Ingila: talaka zai yi karatu, zai zaɓi mai mulkinsa, ba za a ɗaure shi don ya buɗe baki ba.

Masu gabatar da ƙasidu sukan fara daga 8 ga Agusta, 1950, ranar da mutum takwas suka kafa NEPU a Kano. Daga nan a zo kan Sanarwar Sawaba, a ambaci ɗaurin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha, a tuna cewa matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979. Duk gaskiya ne, kuma ana tafi. Amma akwai wani zango na labarin da muke ganin ya fi cancantar a daɗe a kansa, ga shi kuwa 'yan jami'a ne a tsakiyarsa.

A watan Oktoban 1975 Janar Murtala Muhammad ya ƙaddamar da kwamitin rubuta sabon tsarin mulki, Rotimi Williams ne shugaba. Mutum 50 aka naɗa, Awolowo ya ƙi shiga, aka rage 49, babu mace ko ɗaya. A cikinsu akwai malaman tarihi biyu: Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, da Dokta Segun Osoba na Ife. Kwamitin ya tattara kyawawan manufofin nan, ilimi da lafiya da abin yi da hana dukiya taruwa a hannun 'yan tsiraru, ya zuba su a Babi na Biyu. Sai kuma aka sa wani ɗan sashe a gefe, 6(6)(c), wanda ya hana kotu sauraron ƙarar cewa gwamnati ta saɓa wa wannan babi. An ba ka gona, an hana ka fartanya.

Malaman biyu suka ƙi amincewa da daftarin masu rinjaye, suka rubuta nasu rahoton a 1976, inda suka nemi waɗannan abubuwa su zama haƙƙin da ɗan ƙasa zai iya nema a gaban alƙali. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta yi watsi da shi. Ba a buga shi littafi ba sai 2019, shekara 14 bayan rasuwar Bala Usman.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan rubutu. Akwai layin da ake sawa don mutum ya karanta ya gane nufin marubuci, ita kuwa na'ura tsallake shi take yi. Haka Babi na Biyu ya shiga tsarin mulkin 1979, haka aka kwafo shi a na 1999. Sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban aikin gwamnati. Sashe na 18 ya yi alkawarin ilimi kyauta, amma sai lokacin da hali ya yi. Uban da ɗansa ke zaune a ƙasa a aji marar rufi ba zai iya ɗaukar wannan babi kaɗai ya kai ƙara ba.

Kada mu yi rashin adalci: akwai abin da aka cika. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali, abin da 'yan NEPU suka sha duka a kansa. Sai dai wannan zaɓin gwamna ne, ba tilas ba, kuma majalisa ta tsige Balarabe a Yunin 1981. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ma ta wajabta karatun shekara tara kyauta, wato inda majalisa ta ga dama tana iya ba alkawarin haƙora.

Shi ya sa idan muka zauna a taron tunawa da magabata, a kowace jami'a ce, muka ga masu mulki a kujerun gaba suna gyaɗa kai, ba ma mamaki. Yabon manufar da ba za ta kai ka kotu ba, ba ya cin ko kwabo. Tun 2010 ake yi wa tsarin mulkin 1999 gyare-gyare, har an rage shekarun tsayawa takara a 2018, an ba jihohi damar harkar lantarki da jirgin ƙasa a 2023. Sashe na 6(6)(c) yana nan inda aka ajiye shi.