Lokacin da Goronyo take ƙarƙashin teku

Duk wanda ya hau dutsen Kufena a Zariya yana neman ƙashin dabbobin zamanin da, to zai sauko hannu rabbana. Kufena narkakken dutse ne da ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa, irinsa ba ya adana ƙashi. Sai dai a nausa ƙasar Sakkwato.

Kimanin shekaru miliyan 70 da suka wuce, wani teku mara zurfi ya ratso ta inda Sahara take yanzu, ya malale yankin Goronyo da Wurno. Dabbar da ta mutu a ciki, laka ta binne ta, a hankali ƙasusuwanta suka zama dutse.

A 1930 masani ɗan Birtaniya, W. E. Swinton, ya yi bayanin ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da aka samo a yankin. A 1972 masana daga Italiya, ƙarƙashin Augusto Azzaroli, suka raɗa masa suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Ƙoƙon kansa yana Jami'ar Florence a Italiya.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu. Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke Yamai yana nuna ƙasusuwan dinoso daga hamadarsu, ga gidan namun daji a harabarsa, iyalai na zuwa shaƙatawa. Mu kuwa, ɗan Goronyo zai iya gama sakandare bai taɓa jin cewa akwai dabbar da duniya ke kira da sunan garinsu ba. Ai wurin nan ya cancanci a killace shi, a riƙa kai ɗalibai.