Kano zuwa Jidda: Yadda Tafiyar Shekaru ta Koma ta Awa Biyar

Tsakanin Kano da Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,400 idan aka miƙe ta sama, jirgi kuma yakan cinye ta cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Kakanninmu kuwa da shekaru suke lissafa wannan tafiya.

A zamanin da, maniyyaci yakan sallami iyalinsa, ya bar wasiyya, ya nemi gafarar dangi, domin ba kowa ke dawowa ba. Ayari yakan nufi gabas da ƙafa ko a kan jakuna da raƙuma, ya ratsa Borno da Wadai da Darfur har bakin kogin Nilu, daga nan sai Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa a ƙetare Bahar Maliya. Idan guzuri ya ƙare, sai a yada zango a yi noma ko ƙwadago, a tara na gaba. Da yawa zangon ne ya zama musu gida. Garin Mai Wurno da ke Sudan, mutanen Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi, waɗanda suka ci gaba da hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Daga baya gonakin audugar Jazira sun riƙe maniyyata masu ɗimbin yawa, jikokinsu suna can har yau.

Sauƙin farko ya zo ne da layin dogo da ya isa El-Obeid a Sudan, sannan manyan motoci suka fara bin hanyar Maiduguri da Fort Lamy, wato N'Djamena ta yanzu. Tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Masu hali kuma suka bi teku, kamar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya sauke farali a 1921.

Ta sama ma, hanyar gabas aka bi. A ƙarshen watan Oktoban 1925 jiragen sojan saman Ingila guda uku suka taso daga Masar, suka biyo ta Khartum, suka sauka a Kano a farkon Nuwamba. Su ne jirage na farko da suka taɓa sauka a Najeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano. Jiragen lokacin masu farfela ne, ba sa dogon zango, dole su riƙa sauka shan mai. Daga shekarun 1950 jigilar alhazai ta sama ta kankama, zuwan manyan jirage masu injin jet kuma ya ba da damar tashi ɗaya daga Kano sai Jidda. Yawan alhazai ya sa gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai a 1975, sannan a 2006 aka kafa NAHCON, hukumar alhazai ta yanzu.

Sai dai awa biyar ɗin nan tana da sharaɗi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazanmu suka koma zagaye, lokaci ya ƙaru, kuɗin jigila ma ya ƙaru. Ƙarfin inji kaɗai ba ya gajarta hanya, sai da zaman lafiya a ƙasashen da ake ratsawa. Saboda haka Sudan, wadda ta sauki maniyyatanmu shekara da shekaru, ta cancanci addu'armu da kulawarmu.