Tarihin Binciken Jure Giya ta Hoton Ƙwaƙwalwa

Jure giya shi ne matakin da mashayi ke kaiwa inda abin da ke bugar da shi a da ya daina kama shi, sai ya ƙara. Likitoci sun san da haka tun ba su iya leƙa kan mai rai ba. A 1919 Edward Mellanby na Ingila ya lura, a gwajin karnuka, cewa maye ya fi tsanani sa'ad da barasa ke hauhawa a jini fiye da sa'ad da take sauka, ko da adadin ɗaya ne. Ke nan ba hanta kaɗai ke sabawa ba, har da ƙwaƙwalwa.

Ganin ido ya samu ne bayan na'urar CT ta fara aiki a Landan a 1971. A 1978 Peter Carlen na Toronto ya nuna ƙwaƙwalwar wasu mashaya da ta tsuke tana ɗan murmurewa in sun daina sha. Sai Nora Volkow ta yi amfani da na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta PET a cibiyar Brookhaven ta Amurka. A 1993 ta ba mashaya lorazepam, maganin da ke bin hanyar GABA, wani sinadarin ƙwaƙwalwa, kamar barasa, ta ga ƙwaƙwalwarsu ba ta lafa kamar ta sauran mutane ba. A 1996 kuma ta samu masu karɓar sinadarin dofamin, nau'in D2, sun ragu a ƙwaƙwalwar mashaya.

Amma wanne ya riga wani, shan ko jurewar? Nan aikin Marc Schuckit na San Diego ya fi muhimmanci a ganina. Ya gwada samari ɗaruruwa, 'yan kimanin shekara 20, ya bi sawunsu wajen shekara 10. A rahotonsa na 1994, waɗanda giya ba ta saurin kamawa sun ninka sauran kusan sau huɗu wajen zama bayinta. Abin da abokan sha, a Birnin Konni ko a San Diego, ke yabawa a matsayin jarumta, shi ne alamar haɗari, kuma akwai gado a ciki.

Daga baya na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta fMRI ta shigo. A 2012 Jodi Gilman da abokan aikinta sun ɗura wa matasa barasa ta jijiya: sashen jin daɗi na ƙwaƙwalwa ya motsa a masu sha jefi-jefi, a masu sha da yawa kuwa da ƙyar. Sai dai irin waɗannan gwaje-gwaje na mutane ƙalilan ne, galibinsu Amurkawa da Turawa.