Madugu A Baya Yake Tafiya: Ɗan Tarihin Hawan Keke Cikin Ayari

Mai karatu, wata 'yar gardama ce da ta tashi a tsakaninmu ranar Lahadi a bakin titin Moniya ta jawo wannan rubutu. Mu goma sha ɗaya ne, akasarinmu 'yan Arewa mazauna Sabo a nan Badun, sai Yarbawa biyu da Inyamuri ɗaya. Duk Lahadi bayan sallar asuba mukan hau kekunanmu mu bi ta Mokola, Sango, ƙofar jami'a, Ojoo, har Moniya, mu sha shayi mu juyo. Da farko motsa jini kawai ya haɗa mu. Daga baya samarin cikinmu suka sa ran shiga wata tafiyar kilomita 100 da ake shiryawa nan da 'yan watanni, sai fitar tamu ta koma atisaye.

A cikinmu akwai wani dattijo mai sayar da goro, ya haura shekara sittin, kekensa tsohon Raleigh ne marar giya. Wanda ya san Badun ya san gari ne na hawa da gangara. Ranar nan sau uku muna tsayawa jiransa. Da muka isa Moniya wani saurayi ya ce, cikin ladabi dai amma kowa ya ji, "Baba, don Allah ku yi haƙuri, wannan tafiya ta fi ƙarfin kekenku. In muka ci gaba a haka ba za mu shirya ba." Dattijon bai ce uffan ba, ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Ni aka ɗora wa tsara fitar, don haka ni aka zuba wa ido. Na ce a ba ni mako guda. Cikin makon nan na koma na bi tarihin abin, sai na tarar gardamar tamu ta girmi kakanninmu.

A Ingila aka fara. Tun a 1870 aka kafa ƙungiyar Pickwick Bicycle Club a Landan, lokacin ma keke bai zama yadda muka san shi ba. Ba da jimawa ba aka shiga yayin keken nan mai ƙatuwar tayar gaba da 'yar ƙaramar tayar baya, wanda in ka faɗo daga kansa sai dai wani ba kai ba. Hanyoyi babu kyau, masu keken doki ba sa ƙaunar ganin mahaya, yara na jifansu. Tafiya kai kaɗai kasada ce, shi ya sa suka riƙa fita a ƙungiyance. Kowace ƙungiya tana da kyaftin a gaba, da mai busa ƙaho da ke sanar da a hau, a rage gudu ko a sauka, sannan mataimakin kyaftin yana can baya yana kula da waɗanda suka gaji. A 1878 wani matashi mai suna Stanley Cotterell ya jagoranci kafa Bicycle Touring Club a garin Harrogate, wadda ta koma Cyclists' Touring Club a 1883. Har gobe tana nan, da sunan Cycling UK.

Abubuwa biyu suka buɗe wa talaka ƙofa. A 1885 John Kemp Starley ya fito da keken Rover a Coventry, mai tayoyi kusan kai ɗaya da kaca mai juya tayar baya, wato kakan wanda muke hawa yau. A 1888 kuma John Boyd Dunlop ya ƙera taya mai iska a Belfast. Daga nan mata suka hau, tsofaffi suka hau, leburorin masana'antu suka hau. A 1894 wasu 'yan ƙwadago a Birmingham, ƙarƙashin Tom Groom, suka kafa ƙungiyar da ta zama Clarion Cycling Club. Ranar Lahadi ce kaɗai hutun ma'aikaci, don haka ita ta zama ranar fita: a haɗu a wuri ɗaya da sassafe, a tafi ƙauye, a sha shayi, a dawo tare. A irin wannan fita yaro yake koyon bin tayar na gabansa, da nuna rami da hannu, da yin faci a bakin hanya. Da yawa daga cikin gwanayen tseren Ingila daga nan suka taso.

Yanzu ga inda tarihin ya taɓo mu. A watan Yunin 1897 wasu Italiyawa goma sha biyu suka ɗauri aniyar tafiya daga Roma zuwa Napoli, kilomita 230, tsakanin fitowar rana da faɗuwarta. Tara suka kai. Aka yi musu laƙabi da "audax", kalmar Latin mai nufin marar tsoro. Henri Desgrange, wanda ya ƙirƙiro gasar Tour de France a 1903, ya ɗauko tsarin ya kai Faransa a 1904, ya kuma kafa masa doka: a tafi tare, a ƙarƙashin kyaftin, a gudun kilomita 18 cikin awa, ba mai wuce jagora. Aka yi shekaru a haka. A 1921 aka ɓata tsakaninsa da ƙungiyar Audax Club Parisien mai shirya tafiye-tafiyen, ya ƙwace izinin daga hannunsu, su kuma suka fito da nasu tsarin: kowa ya yi gudun da ya ga zai iya, muddin ya isa kowane zango cikin lokacin da aka yanka. Tsarin nan biyu duk suna raye har yau. Tafiyar Faris zuwa Brest da dawowa, kilomita 1,200, wadda aka fara a 1891, yanzu duk shekara huɗu ake yinta, mafi yawan mahaya kuma awa 90 ake ba su. Ba a karɓar mutum sai ya kammala tafiyar kilomita 200, da 300, da 400, da 600 a shekarar. Ka ga ke nan su ma a hankali suke hawa tsanin, ba tsalle ɗaya ba.

To mu fa a Nijeriya? Mu keke bai zo mana a matsayin abin wasa ba, abin neman abinci ne. A ƙasar Inyamurai da Ibibiyo, daga shekarun 1930, da keke ake ɗauko garewanin manja daga ƙauyuka zuwa wuraren saye. A Arewa malamin makaranta, da malamin gona, da ma'aikacin En'e, da ɗan kasuwar ƙauye, duk keke ne dokinsu. Raleigh na garin Nottingham shi ne sarki, har masana'anta kamfanin ya taɓa yi a Kano, sai Hercules, daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya shigo da araha. Wanda ya tashi a garuruwanmu ya san hayar keke, inda yaro zai biya 'yan kwabbai ya koyi hawa, ya dawo da gwiwa a goge. Ranar kasuwa kuwa za ka ga mutum goma, ashirin, sun jero a hanya da kaya a kariya, in na wani ya yi faci duk a tsaya. Ba sunan ƙungiya, ba kyaftin, amma ayari ne sosai. Ko sunan abin ma bakinmu ɗaya da masu masaukinmu, don Bayarabe ma keke yake cewa.

Kuɗin mai ne ya sauke mu daga kan sirdi. Da aka biya ƙarin albashin Udoji a 1975, ma'aikaci ya jingine keke ya sayi babur, mai babur ya sayi mota. Bayan matsin tattalin arzikin da ya biyo tsarin SAP na 1986, mutane ba su koma wa keke ba, sai acaɓa ta cika gari. Keke ya zama tambarin talauci. Ni kaina ranar da na fara fita, wani maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, lafiya dai ko? In wani abu ne ya faru da motar ai sai ka faɗa mana." Har ga Allah tausayina yake ji.

Gwamnati ta gwada dawo da martabar keke, amma daga sama ta faro. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya riƙa hawa keke zuwa aiki a Abuja yana kiran jama'a su yi koyi da shi. Jaridu suka mai da shi abin dariya, a cikin shekarar kuma wata bas ta ture shi ya faɗa kwata. Maganarsa gaskiya ce, sai dai shi kaɗai ne a kan titin da ba a yi don mai keke ba. A 2003 aka gina katafaren zauren tseren keke a filin wasa na ƙasa da ke Abuja saboda wasannin Afirka, ya yi shekaru ya fi ganin taruka a kan tayoyi. Sai a 2024 Nijeriya ta samu wakilci na farko a tseren keke na Olamfik, wato Ese Ukpeseraye 'yar jihar Delta, ita ma da keken aro daga tawagar Jamus ta shiga tseren cikin zaure a Faris. A shekarar nan dai Biniam Girmay na Iritiriya ya ci zango uku a Tour de France, ya tafi da koriyar riga. Ƙasarsa ba ta kama ƙafarmu a arziki ba, amma a Asmara keke abin yau da kullum ne tun zamanin Italiyawa, yara na tashi su tarar da manya suna fita tare. A watan Satumban 2025 kuma Kigali ta karɓi gasar duniya ta tseren keke a kan titi, karo na farko a Afirka. Abin da na fahimta shi ne, zaure ba ya haifar da mahayi. Ayarin ranar Lahadi ne ke haifar da shi, ayari kuwa ba ya ɗorewa in yana zubar da mutanensa a hanya.

Duk da haka ban ce saurayin nan bai da hujja ba. Wanda zai yi kilomita 100 dole jikinsa ya saba da nisa da gudu, kuma tsayawa kowane minti goma ba atisaye ba ne. Shi ma yana da abin da zai rasa. Ranar Alhamis na je rumfar dattijon na zayyana masa duk abin da na karanto, da kyaftin, da mai ƙaho, da rigimar 1921. Ya saurara har na gama, ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ka sha wahalar banza zuwa Ingila. Kakannina fatake ne, Gwanja suke zuwa saro goro. Jagaba ne ke gaba yana duba hanya, amma madugu, uban tafiya, a baya yake. Wanda ya fi kowa girma shi ke tabbatar da ba a bar kowa ba. Kuma ayari ba ya tashi sai an san zangon da za a sauka." Sannan ya ƙara da cewa, "Yaran nan kada ka hana su gudu. Ka dai gaya musu inda za su jira."

A kan wannan muka tsara, kuma na rubuta shi nan ko zai amfani wasu 'yan uwa a Agege, ko Shagamu, ko Fatakwal. Tun daren Asabar ake sanar da wurin haɗuwa, da lokacin tashi, da hanya, da zanguna, kuma ba a jiran wanda ya makara fiye da minti goma. Kafin a tashi kowa ya duba birki da iskar taya, ya zo da ruwa, da tiyub na ko-ta-kwana, da hular kwano. Famfo biyu sun ishe mu. Daga Sabo zuwa Ojoo, inda motoci da 'yan acaɓa suka fi yawa, tare ake tafiya, layi ɗaya, ba mai wuce jagaba. Daga Ojoo masu ƙarfi su saki jiki, su jira a Moniya. Daga nan masu shirin tafiyar nan su miƙe hanyar Iseyin, wadda tsawonta ya kai kilomita 65, suna ƙara nisa kaɗan-kaɗan kowane mako, suna karɓa-karɓar gaba, domin wanda ke bin bayan wani in ana gudu yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar iska. Sauran su juyo gida. Madugu kuma kowane mako ake canzawa, kuma daga cikin masu ƙarfin ake zaɓo shi, don shi ne zai iya tura mai gajiya a hawa, ya kuma kamo ayari bayan an yi faci.

Ba kowa ya yarda ba. Mutum biyu sun ce ɓata lokaci ne, sun koma fita su kaɗai ranar Asabar, kuma ban ga laifinsu ba, ko Faransawa ma rabuwa suka yi. Saurayin da ya tayar da maganar shi na fara ba madugu. Ya ɓata rai, amma ya karɓa. A hawan da ke gaban Sango na waiwaya na hango shi, hannunsa ɗaya a kan kariyar tsohon Raleigh ɗin nan yana turawa, Baba na gaya masa wani abu, shi kuma yana dariya. Da muka isa Moniya na tambaye shi me ake faɗa masa. Ya ce, "Yaya, wai ashe da wannan keken ya ɗauko amaryarsa daga tashar jirgi." Mako mai zuwa ni ne madugu, ga shi gwiwar hagu ta fara yi mini tsiya. Allah Ya kai mu lafiya, Ya tsare mu sharrin hanya, amin.